Daga Kundi zuwa Wiki: Ƙaurar Bayanan Jagorar Mozilla da Darasinta ga Ɗaliban Harshe

Gabatarwa

A hutun zangon da ya wuce na zauna a shagon wani yayana mai sana'ar gina wa jama'a shafukan intanet. Yana da yara uku da ke koyon aiki a hannunsa, biyu daga cikinsu kuwa Turancinsu bai taka kara ya karya ba. Da yake ya san Hausa nake karantawa a jami'a, sai ya ɗora mini aikin fassara musu wasu darussa daga wata taskar bayanai da ake kira MDN Web Docs, wadda masu wannan sana'a ke leƙawa kullum kamar yadda mu muke leƙa ƙamus. Na zauna na fassara shafi huɗu a littafin rubutu, na miƙa, aka yi mini godiya. Bayan 'yan makonni na koma don in ci gaba, sai na tarar an sake wa ɗaya daga cikin shafukan fasali, an cire wani misali, an sa wani. Fassarar da na sha wahala a kanta ta tsufa tun ba ta cika wata biyu ba.

Wannan abu ne ya sa na bi sawun tarihin taskar, na gano cewa ta yi shekara goma sha biyar tana zaman wiki kafin ta bar wannan tsari. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin abin da ake nufi da mayar da bayanan jagorar buɗaɗɗiyar manhaja zuwa wiki, da irin aikin da ke ciki, da ribarsa da hasararsa. Za a yi haka ne ta hanyar duban abin da ya faru da Mozilla, masu burauzar Firefox. Daga ƙarshe kuma a zaƙulo abin da ya shafe mu, mu ɗaliban harshe.

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kowace manhaja tana da rubutun tushe, wato jerin umarnin da masu ƙirƙira suka rubuta wa kwamfuta. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu kamar yadda mai kilishi ke ɓoye sirrin yajinsa. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun tushenta ga kowa, aka kuma ba da izini a cikin lasisi cewa wanda ya ga dama ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Wannan aƙida ta samo ƙarfi ne daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. A watan Maris na 1998 kamfanin Netscape ya saki rubutun tushen burauzarsa, kuma daga nan aikin Mozilla ya samo asali.

Bayanan jagora kuwa su ne rubuce-rubucen da ke raka manhaja: yadda ake girka ta, yadda ake sarrafa ta, ma'anar kowane umarni, da abin da za a yi idan ta ƙi aiki. Manhajar da ba ta da jagora kamar magani ne da aka ba mutum ba tare da an gaya masa ƙa'idar sha ba.

Ita kuma kalmar wiki daga harshen mutanen tsibirin Hawayi ta fito, ma'anarta sauri. Wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya buɗe wiki ta farko a watan Maris na 1995, ya sa mata suna WikiWikiWeb, bayan ya ji kalmar a sunan motar jigilar fasinjoji a filin jirgin saman Honolulu. Wiki taska ce ta shafuka wadda mai karatu zai iya zama marubuci nan take: ya danna maɓallin gyara, ya sauya abin da ya gani, ya adana, duniya ta gani. Tana kuma riƙe tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi, da lokacin da ya yi, ta yadda za a iya komawa ga tsohon rubutu idan an yi ɓarna. Wikipedia, wadda aka buɗe ranar 15 ga Janairu, 2001, ita ce ta fi shahara, manhajar da ke tafiyar da ita kuwa sunanta MediaWiki.

Yadda Ake Yi Kafin Zuwan Wiki

Kafin wiki ta yaɗu, masu buɗaɗɗiyar manhaja kan ajiye bayanan jagora a rumbu ɗaya da rubutun tushe, a ƙarƙashin wani tsarin adana gyare-gyare, irin su CVS. Akan rubuta su da alamomin HTML ko na DocBook, waɗanda sai an koya ake iyawa. Ba kowa ke riƙe da makullin rumbun ba. Idan mai karatu ya ga kuskure, ko da na harafi ɗaya ne, sai ya rubuta rahoto ya aika, ya jira wani mai makulli ya sami sukuni. Masu makullin nan kuwa galibi injiniyoyi ne waɗanda hankalinsu ke kan gyaran manhajar, rubutun jagora kuma aikin bayan fage ne a wurinsu. Sakamakon haka manhaja takan yi gaba ta bar jagorarta a baya.

Akwai kuma haɗari na biyu, wato mallaka. Kamfanin Netscape yana da taskar bayanai mai suna DevEdge, wadda masu gina shafuka suka dogara da ita ƙwarai, musamman wajen koyon JavaScript. Kamfanin AOL, wanda ya sayi Netscape, ya rufe wannan taska a 2004, shekarar da aka fitar da Firefox ta farko. Ke nan a daidai lokacin da jama'a suka fi bukatar bayanan ne aka kulle musu ƙofa.

Ƙaurar Mozilla

A farkon 2005 Gidauniyar Mozilla ta sami izini daga AOL na amfani da abin da ke cikin DevEdge. Ta ɗauki wata mata mai suna Deb Richardson aiki don ta jagoranci tattarawa da tacewa. A watan Yulin wannan shekara aka buɗe sabuwar taska da sunan Mozilla Developer Center, a kan manhajar MediaWiki. Aka kwaso bayanan DevEdge da kuma tsofaffin takardun da ke warwatse a shafin Mozilla, masu sa kai suka yi ta mayar da su shafukan wiki ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaurar ba ta tsaya nan ba. A 2008 aka tashi daga MediaWiki zuwa wata manhajar wiki ta kamfanin MindTouch. A 2012 aka sake tashi zuwa wadda Mozilla ta gina da kanta, mai suna Kuma. Bahaushe zai ji sunan kamar nasa, amma da Japananci sunan wata dabbar daji ce. A 2017 aka sauya wa taskar suna zuwa MDN Web Docs, kuma a shekarar ne Microsoft da Google da Samsung suka amince su haɗa hannu a kanta, har Microsoft ya karkatar da dubban shafukansa zuwa can. Taskar da aka kusa binnewa a 2004 ta zama madogarar masu sana'ar baki ɗaya.

Aikin da ke Cikin Ƙaura

Wanda bai sani ba zai ɗauka kwafewa da mannawa ne kawai. Ni ma haka na zata da farko. Amma idan aka duba da kyau, ayyuka biyar ne aƙalla, kuma yawancinsu na masu harshe ne.

Na farko shi ne izini. Kowane rubutu yana da mai shi. Tun da a wiki kowa zai taɓa rubutun kowa, dole a sa shi ƙarƙashin lasisin da ya halatta hakan. Mozilla ta zaɓi ɗaya daga cikin lasisan Creative Commons, wanda ya yarda a kwafa a gyara, bisa sharaɗin a ambaci marubuta, sannan wanda ya gyara shi ma ya saki nasa a kan sharaɗi guda. Wannan lasisi ne ya halatta mini fassarar da na yi a shagon yayana, ko da yake a lokacin ban ma san da shi ba.

Na biyu shi ne tankaɗe da rairaya. Mai tashi daga tsohon gida ba ya kwasar kome da kome. Akwai takardun da ke bayanin abin da aka daina amfani da shi, akwai biyu ko uku da ke maimaita juna, akwai masu saɓa wa juna. Dole wani ya karanta ya yanke hukunci: wannan a ɗauka, wannan a haɗe, wannan a kai ma'ajiya.

Na uku shi ne sauya alamomi. Kowace manhaja tana da yadda take nuna kan magana da jadawali da misali. Akan rubuta ƙaramar manhaja ta yi juyin, amma ba ta gamawa tsaf. Jadawali yakan karye, haruffan da ba na Turanci ba su rikiɗe su zama akwatuna, sai an bi da hannu an gyara.

Na huɗu shi ne fasali da naɗin suna. Littafi yana da farko da ƙarshe, marubuci na iya cewa "kamar yadda aka gani a babin baya". Wiki ba ta da babin baya. Mai karatu yakan faɗo ne tsakiya daga injin bincike, don haka dole kowane shafi ya tsaya da ƙafarsa, ya bayyana kalmominsa, ya nuna hanya zuwa 'yan'uwansa. Sunan shafi kuma shi ne adireshinsa, idan aka yi kuskure a suna, shafin ya ɓata ke nan.

Na biyar shi ne turawa. Dubban mutane sun riga sun ajiye tsofaffin adireshi a littattafai da darussa. Dole a sa kowane tsohon adireshi ya riƙa tura baƙo zuwa sabo, kamar ɗan kasuwar da ya sauya rumfa ya bar allo yana nuna inda ya koma.

Ribar da Aka Samu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wiki ita ce a kwatanta ta da aikin gayya. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita, samarin gari sukan nome ta kafin azahar. Kuskuren da a da yakan kwana wata shida yana jiran mai makulli, yanzu wanda ya gan shi ne zai gyara a cikin minti biyu. Wanda bai iya rubuta manhaja ba amma ya iya tsara jimla, ya sami ƙofar shiga. Wanda ya sha wahala a kan wata matsala har ya gano bakin zarenta, yana iya rubuta wa na baya. Masu iya magana sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Haka kuma wiki ta buɗe ƙofar fassara. Faransawa da Japanawa da mutanen Sin da wasu al'ummomi da dama suka shiga juya shafukan zuwa harsunansu ba tare da neman iznin kowa ba. Duk wanda ya ga shafi ya ji yana da hali, sai ya fara.

Inda Gizo ke Saƙa

Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san iyakarta. 'Yan gayya suna zuwa ran da aka buga ganga, su yi aikin da ke da armashi, su watse. Ciyawar da za ta fito bayan mako biyu, mai gona take jira. Idan gonar ba ta da takamaiman mai ita, ciyawa ce za ta ci ta.

Matsala ta farko ita ce a wiki ana wallafawa ne kafin a tantance. Gyara yana fita duniya nan take, mai kyau ne ko maras kyau, sai daga baya wani ya bi ya duba, in an yi dace. A jagorar manhaja kuwa kuskuren alama ɗaya yana iya ɓata wa mai koyo yini guda. Ga kuma masu cusa tallace-tallace, waɗanda ita ma MDN ta sha fama da su.

Ta biyu ita ce rarrabuwar murya. Shafi ɗaya da mutum ashirin suka taɓa yakan fito da salo ashirin: wannan yana ba da umarni, wancan yana ba da labari, abu ɗaya kuma an kira shi da suna uku. Dole sai da ƙa'idar rubutu da editocin da za su tsare ta.

Ta uku, wadda ta fi damuna, ita ce fassara. Mai fassara littafi yana da asali tsayayye a gabansa. Mai fassara wiki kuwa yana bin abin da ke tafiya ne. Zai gama shafi yau, gobe a sauya na Turancin, shi kuma bai sani ba, ko ya sami aiki ya tafi. Shafin nasa yana nan da kyan gani, jimlolinsa daidai, amma abin da yake faɗa ya daina zama gaskiya. Mai karatu kuwa ba shi da hanyar ganewa. A nan tsohuwar fassara ta fi rashin fassara illa, domin wanda bai sami kome ba zai nema a wani wuri, amma wanda ya sami tsohon bayani da harshensa zai amince da shi.

Barin Wiki

A watan Agusta na 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kimanin 250, ciki har da masu kula da MDN. A watan Disamban shekarar aka rufe babin wiki, aka kwashe shafukan aka mayar da su fayil-fayil a rumbun GitHub, a ƙarƙashin wani sabon tsari da aka kira Yari. Wannan ma ba yarin gidan kaso ba ne, da Japananci mashi ake nufi. A 2021 aka juya rubutun zuwa Markdown, wasu alamomi masu sauƙin koyo. Har yanzu kowa na iya kawo gyara, amma sai ya gabatar da shi a matsayin shawara, wani ya duba, a tattauna, sannan a wallafa. Wato an juya tsarin: tantancewa a gaba, wallafawa a baya.

Fassarori ne suka fi jin jiki. An fara kawo shawarar a riƙa amfani da fassarar inji, masu sa kai suka nuna rashin amincewa, aka janye ta a lokacin. Aka dakatar da gyaran dukkan fassarori, sannan aka sake buɗe na harsunan da ke da tsayayyun masu kula, aka fara da Faransanci da Japananci da Sinanci, daga baya aka ƙara irin su Rashanci da Koriyanci da Sifaniyanci da Fotugis na Barazil. Sauran aka ajiye su gefe. Abin lura shi ne, yawan masu magana da harshe kaɗai bai wadatar ba, sai da aka ga mutanen da suka ɗauki alkawarin tsayawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wiki ta gaza ke nan a ko'ina. Wikin Arch Linux tana nan a kan MediaWiki, har waɗanda ba sa amfani da wannan manhaja suna neman taimako a cikinta. Sirrinta shi ne tsauraran ƙa'idojin rubutu da ayarin masu kula da ke bin sababbin gyare-gyare. Gayya ce mai mai-gona.

Abin da Ya Shafe Mu

Babu Hausa a jerin harsunan MDN, babu Yarbanci, babu Igbo. Amma akwai Wikipedia ta Hausa, kuma duk ranar da wani rukunin ɗalibai ya tashi rubuta jagorar wata manhaja da Hausa, waɗannan matsaloli ne za su tare shi, har da wasu namu na gida.

Na farko, haruffa masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne da ba su haɗa dangi ba. Idan wani ya buɗe shafi da sunan "Ƙasa", wani kuma ya nemi "Kasa" saboda allon wayarsa ba shi da lanƙwasa, zai iya zaton babu shafin, ya buɗe sabo, a wayi gari da shafi biyu a kan abu ɗaya. Haka nan 'y da muke rubutawa a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubutawa. Maganin abin shi ne a tsayar da suna bisa daidaitacciyar ƙa'ida, sannan a yi shafukan turawa daga sauran rubuce-rubucen.

Na biyu, kalmomin fannu. Wani zai rubuta kwamfuta, wani komfuta, wani na'ura mai ƙwaƙwalwa. A hira duk ɗaya ne, amma a jagora mai koyo zai zaci abubuwa uku ne. Ana bukatar ƙaramin ƙamus da aka yi ittifaƙi a kansa tun kafin a buɗe shafin farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, bin sawun asali. Akwai wani ƙari da ake ɗora wa MediaWiki mai suna Translate, wanda Niklas Laxström ɗan ƙasar Finlan ya ƙirƙira, kuma irin su aikin KDE suna amfani da shi. Yana yanka shafi gunduwa-gunduwa, idan aka sauya wani sakin layi a asali sai ya sa wa fassararsa alamar cewa ta tsufa. Inda babu irin wannan, mafi ƙarancin abin da mai fassara zai yi shi ne ya rubuta ranar da ya ɗauko asalin. Da na yi haka a littafin da na ba yaran shago, da sun san lokacin da ya kamata su yi shakka.

Na huɗu, a auna ƙarfi. Shafi ashirin da ake dubawa duk wata sun fi shafi ɗari biyar da aka fassara a mako ɗaya aka watsar. A sashe irin namu, inda ɗalibai ke kammalawa su tafi duk shekara, wajibi ne 'yan aji huɗu su miƙa ragama ga 'yan aji biyu tun kafin jarrabawar ƙarshe.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa mayar da bayanan jagora zuwa wiki sauya hannun da ke riƙe da rubutu ne, daga 'yan ƙalilan masu makulli zuwa ga jama'a. Mozilla ta yi haka a 2005 ta ceto taskar da aka rufe, ta kuma bar tsarin a 2020 lokacin da nauyin kula da shi ya fi ƙarfin masu kula. A duka matakan biyu tambayar ɗaya ce: wa zai dawo gobe ya duba abin da aka rubuta yau? Ni dai na koma shagon yayana na gyara shafukan nan huɗu, na sa kwanan wata a saman kowanne, na kuma yi masa alkawarin sake dubawa a hutu mai zuwa kafin in ƙara na biyar.